Taimin ɗin faifan bawul da na wuta a injin Rotax 717: a taimaka mini

Bakaniken Jabi:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'a. Ni aikina babur ne da janareta, amma wani maigidana mai ba da hayar baburan ruwa a tafkin Jabi, nan Abuja, ya ajiye mini wani Sea-Doo GTI ɗan kwatano, ƙirar 1997. Injinsa Rotax 717 ne, silinda biyu, tu-sitirok. Wanda ya fara taɓa shi ya kwance murfin da ke bayan kafireta, ya zare wani siririn faifan ƙarfe mai gibi, ya wanke, ya mayar yadda ya ga dama ba tare da ya sa alama ba.

Yanzu a kan tudu da ƙyar yake tashi, yana tari yana feso mai ta bakin kafireta. In aka sauke shi cikin ruwa kuwa, sai batir ya mutu bai kama ba. Filogi sababbi ne, NGK BR8ES, wuta shuɗiya tas. Kwamfireshan kusan 150 a kowace silinda. Yaya ake saita faifan nan? Kuma taimin ɗinsa da na wuta abu ɗaya ne ko kowa da nasa?

Ɗan Panteka:

Wa'alaikumus salam. Oga, kada ka wahalar da kanka. Cire filogi, zura sukudireba, juya inji har fistin ya kai sama, ka ɗora faifan inda ka ga ƙofar ta kusa rufewa. Haka muke yi wa duk wani tu-sitirok, kuma yana tashi.

Baba Mai Injin Ruwa:

Ɗan Panteka, tashi dai zai tashi, amma ba zai ja ba. A kusa da ƙololuwa, wato inda fistin ke ƙure hawansa, karanshaf yana juya digiri da yawa fistin bai motsa abin da hannu zai ji ba, shi ya sa sukudireba ke yaudarar mutum.

Malam Bakanike, abu biyu ne daban. Faifan shi ne ƙofar shigar mai da iska cikin inji. Yamaha da Kawasaki harsunan rid suke sawa, masu buɗe kansu, amma Rotax na Ostiriya a injunansu 587, 657, 717 da 787 faifai mai juyawa suka sa, wanda wani sanda ke juyawa daga tsakiyar karanshaf. Sai a 947 suka koma rid. To faifai ba ya gyara kansa, inda ka ajiye shi nan zai zauna.

Nemo agogon awo mai allura da ake ɗaurawa a ramin filogi. A silindar gefen magneto za ka ɗaura shi, wato ta gaba, ba ta gefen famfon da ke tura ruwa ba. Juya inji a hankali har allurar ta tsaya ta fara komawa. Nan ne ƙololuwa, kada inji ya ƙara motsi. Sai ka sa faranti mai digiri 360 a kan sandan faifan. Ko na kwali ka yanka ya wadatar, in dai rabon digirin daidai ne. A 717, ƙofa tana buɗewa a digiri 147 kafin ƙololuwa, ta rufe a 65 bayanta, an yarda da kuskuren digiri 5 ko ta ina. Daidaita layin 360 da ƙasan ƙofar gefen magneto, ka nemi 147, ka ja alama a jikin inji. Sake daidaita 360 da saman ƙofar, ka ƙirga ta ɗaya ɓangaren zuwa 65, ka ja ta biyu. Bakunan faifan biyu su faɗa kan alamomin nan.

Ga abin da mutane ke mantawa: faifan ba daidai yake gaba da baya ba. In ka gwada haƙoran sandan ɗaya bayan ɗaya ya ƙi zama, kife shi ka sake gwadawa, sau da yawa nan take yake faɗawa. Ka kuma duba ko naka mai gibin digiri 159 ne, don akwai mai gibin 147 na ƙananan injuna, kuma 'yan kwatano kan zo da kayan aro a ciki. Shafa masa man tu-sitirok fuska biyu kafin ka rufe.

Ita wuta kuma digiri 20 ce kafin ƙololuwa, a awo milimita 2.59. Da agogon nan dai, mayar da fistin ɗin magneto ƙasa kaɗan, ka taho da shi ta hanyar da inji ke juyawa har ya rage 2.59 ya kai sama. Kafa wata waya a matsayin manuni, ka ja layi a filawil ɗin baya. Tada inji, kai shi juyi 6000 a minti, haska tocilan taimin. In layi da manuni sun haɗu, kada ka taɓa komai. In sun saɓa, farantin koyil da ke cikin magneto ake sassautawa a murɗa kaɗan. Amma tunda ba wanda ya buɗe magneto, ina zargin wutarka lafiya lau take, sai dai in ɗan kin filawil, wato ƙarfen da ke riƙe shi a kan karanshaf, ya karye.

Injiniya Legas:

Baba ya gama magana, ƙari ɗaya gare ni. Wannan na ƙin tashi a ruwa, ka auna tazarar faifai da murfi. Milimita 0.25 zuwa 0.35 ake so. Manna guntayen wayar dalma a kan faifan da giris, ɗaure murfin ba tare da robar zoben ba, kwance, ka auna yadda dalmar ta baje. In yashi ya ƙarce murfin, tsotson inji yana zurarewa, ga kuma ruwa ya danne salansa, sai ya gaza. Kuma in za ka gwada da tiyo: inji ya fara tashi sannan ka buɗe ruwa, ka rufe ruwa kafin ka kashe. In ka juya tsarin, ruwa zai cika maka silinda. Kada ya daɗe a kai, abin toshe ruwa na sandan famfo ba ya samun sanyi a tudu.

Bakaniken Jabi:

Allah ya saka da alheri, Baba. Na aro agogo wurin masu injin dizal. Faifan ya kauce da haƙori uku, kuma sai da na kife shi ya zauna kan alamomin. Tarin ya tafi, bugu ɗaya yake kamawa a tudu. Amma Injiniya, dalmar ta ba ni 0.45, murfin ma farce yana maƙalewa a zanen da ke jikinsa. In kai wa masu injin feƙe ƙarfe su share shi, ko in nemi wani?

Injiniya Legas:

Kai musu, amma ka tsaya a kansu. Fuskar da faifai ke gogawa za su fara sharewa, sannan su rage gefen da ke zama kan inji har tazarar ta dawo 0.30. In fuskar kaɗai aka share aka bar gefen, tazarar ƙaruwa za ta yi. Kafin ka rufe, kama sandan ka girgiza shi hagu da dama; giyarsa ta tagulla ce, in ta cinye za ka ji wasa, kuma za ka ga ƙurar zinariya-zinariya a man da ke ramin.