Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar: haka Allah yake yi da mu?

Uwar Zumunta: Salama, 'yan'uwa. Duk sanda na ji karin maganar nan, Zabura 103 ke faɗo mini a rai, inda Dawuda ya ce Ubangiji yana tausayin masu tsoronsa yadda uba ke tausayin 'ya'yansa, don yana tuna cewa mu ƙura ne. Ya dace a kawo ta cikin wa'azi?

Ɗan Kwaya: Mama, a gafarce ni, ina da ja. A Matiyu 5:30 Yesu da bakinsa ya ce in hannunka na dama yana sa ka zunubi, ka yanke shi ka yar. Bahaushe ya ce kar a yanke, Ubangiji ya ce a yanke. Wanne za mu bi?

Malamin Lahadi: Ɗan'uwa, ba hannu ɗaya ake nufi ba. Wanda Yesu ya ce a yanke shi ne abin da ke jan ka zuwa faɗuwa: kwalba, caca, lambar da ka san bai kamata tana cikin wayarka ba. Na karin maganar kuwa mutum ne, naka. Dubi Bitrus. Sau uku ya yi musun Yesu a gidan babban firist, yana jin ɗumin wuta, har da rantse-rantse. Bayan Yesu ya tashi daga matattu, a bakin tekun Tibariya, ya ɗora kifi a kan garwashi, ya ce wa almajiransa su zo su karya kumallo. Sai da suka ci ya tambayi Bitrus sau uku ko yana ƙaunarsa. Bai tura shi bencin baya na masu shan horo ba, tumakinsa ya danƙa masa.

Dattijo: Malam, gaskiya ne, amma a yi hattara. Da maganar nan wasu iyaye ke fakewa su rufa wa ɗa asiri alhali bai daina sata ba. Bitrus fita ya yi ya sha kuka. Hannun da ya ruɓe sai an wanke an sa magani, kuma da zafi. Horon ikkilisiya ke nan.

Uwar Zumunta: Baba, ban ƙi horo ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke yinsa. Yarinya ta yi ciki ba aure, a karanta sunanta gaban jama'a, a hana ta jibin Ubangiji, watanni su wuce ba wanda ya taka ƙofar gidansu. Wannan ba magani ba ne, yankewa ce. A 2 Korintiyawa 2:7 Bulus ya ce wanda ya sha horo a yafe masa, a ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Dattijo: Nan kam ba ni da ta cewa, Mama. Ziyarar mu dattawa ya kamata mu fara kai ta.

Ɗan Kwaya: To Baba, namijin da ya yi mata cikin fa, me ya sa sau da yawa ba ma jin sunansa?