Neman shawara: gwaji biyu sun saɓa, ga wa'adin rigakafin korona ya ƙarato (tattaunawa ta 2021)

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Abuja, kuma kamar yadda Sakataren Gwamnatin Tarayya Boss Mustapha ya sanar, daga ranar 1 ga Disamba 2021 babu mai shiga ofis sai da katin rigakafi ko sakamakon gwajin PCR da bai wuce sa'o'i 72 ba. A watan Satumba na kwanta zazzaɓi, har na shafa turare na kasa jin ƙamshinsa, gwaji kuma ya nuna ina ɗauke da cutar. Na warke sarai. Bayan makonni biyar tafiya ta taso, na biya kuɗi masu yawa aka sake yi mini PCR, sai aka ce har yanzu tana nan, alhali gwajin gaggawa da na yi a ranar ya ce babu komai. Tafiyar ta rushe. To, wanne ne mai gaskiya? Idan gwajin ma ba shi da tabbas, da wace hujja ake tilasta mana allura? Ga shi kuma mahaifiyata a Kano ta ce in dai na yi, ba da yawunta ba.

Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Wa alaikumus salam, Malam. Babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu, domin ba abu ɗaya suke nema ba. PCR yana neman ƙwayar halittar cutar ne, yana ta ninka ɗan abin da ya samu har na'ura ta gan shi, saboda haka ko ɓurɓushin matacciyar ƙwaya ya tarar a hanci zai nuna, kuma wannan ɓurɓushi kan iya kaiwa wata uku bayan mutum ya warke. Kamar wanda ya shiga madafa ne ya tarar da toka: ya tabbatar an hura wuta, amma bai ce tana ci yanzu ba. Shi kuwa na gaggawa sai ƙwayar ta yi yawa yake kama ta, shi ya sa yakan rasa mai cutar a kwanakin farko. Kuskuren da na fi gani a wurin aiki ma na ɗaukar samfuri ne, inda mutum zai janye kai tun tsinken audugar bai kai inda ya kamata ba, sakamako ya fito babu alhali akwai.

Wani ɗan kasuwa: Hajiya, bayaninki ya yi ma'ana, amma a watan Mayun 2020 Shugaba Magufuli na Tanzaniya ya ce an kai samfurin akuya da na gwanda, aka ce suna da korona. Sa'annan waɗanda aka yi wa allurar ma suna kamuwa. Kullum muna cakuɗe a kasuwa da tashar mota ba mai tambayar kati, sai ƙofar ofis kaɗai cutar ta sani? Abin da tilas za ta haifar shi ne cinikin katin bogi.

Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Alhaji, hukumar yaƙi da cututtuka ta Afirka ta musanta cewa kayan gwajin na da matsala. Gurɓatar samfuri a ɗakin gwaji tana iya ba da sakamakon ƙarya, wannan gaskiya ne, amma laifin hannu ne. Maganar katin bogi kuwa, ban musa maka ba.

Wani likita: Ɗan'uwa, kada ka ɗauki tsoron mahaifiyarka a matsayin jahilci. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200, goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa, kuma sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Duk wanda ya ga wannan da idonsa yana da dalilin ɗari-ɗari. Sai dai mun ga ɗaya gefen ma: da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, kuma 'ya'yanmu ne suka fara biyan kuɗin. Allurar korona da ta iso Najeriya a watan Maris na 2021 ba a kanmu aka fara ta ba, an riga an yi wa miliyoyin mutane a Ingila da sauran ƙasashe. Ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari, aikinta mafi girma shi ne rage tsananin ciwo da mutuwa. Tana iya sa zazzaɓi da ciwon damtse na kwana ɗaya ko biyu, kuma an samu daskarewar jini a wasu ƙalilan ƙwarai da suka karɓi ta AstraZeneca. Ni kaina na fi son a shawo kan mutane da bayani a kan a tsare su a bakin ƙofa, amma ka raba fushinka da dokar da amfanin allurar. Ka kuma lura, mai irin sakamakonka zai iya biyan kuɗin PCR sau da yawa yana fitowa da cutar, don haka hanyar gwajin ba za ta fisshe ka ba.

Wani dattijo: Ɗana, maganar uwa ba a yin ta a waya. Ka je ka durƙusa gabanta, ka tuna mata cewa alhazanmu sun daɗe suna karɓar allurar sanƙarau kafin su hau jirgi, kuma a Hajjin 2021 Saudiyya mutum dubu 60 kacal ta bari, dukansu mazauna ƙasar, dukansu kuma sai da rigakafi. Idan akwai wanda take jin maganarsa da ya riga ya yi, ka tafi da shi.

Mai tambaya: Na gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Ranar Juma'a zan kama hanyar Kano, kuma kawuna, wanda ya yi tasa tun watan Afrilu, ya yarda zai raka ni. Likita, tunda na kamu a Satumba, sai na jira ne?

Wani likita: Tunda ka warke, babu abin da zai hana. Ka dai gaya wa ma'aikacin lafiyar ranar da ka kwanta, da duk wani magani da jikinka ba ya karɓa, kuma ka zauna a wurin na ɗan lokaci bayan an yi maka kafin ka tafi.