Metformin ko kirfa: wanne ya fi riƙe suga?

Baban Khalifa, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan da likita ya ɗora ni a kan metformin saboda ciwon suga, ƙwaya mai miligiram 500 safe da dare, amma tun daga ranar cikina bai kwanta ba, ga gudawa, ga wani ɗanɗano a baki kamar na tauna tsabar kuɗi. Jiya wani abokin cinikina ya kawo mini kwalbar ƙwayoyin kirfa, ya ce da ita ya yi sallama da asibiti. Shin in ajiye na likita in koma wannan?

Hajiya Babba, Daura: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka kuskura, domin ni na riga ka taka wannan ƙayar. Bara na ajiye maganina na mako shida, ina dafa kirfa da citta ina sha kamar shayi. Na'urar awo da ke nuna mini 130 da safe kafin in karya sai ta koma 240, na dinga tashi fitsari sau huɗu cikin dare, maƙogwarona a bushe kamar ina azumin bazara. Da kunya na koma wurin likita. Game da gudawa kuwa, ka daina haɗiyar ƙwayar metformin ɗin da cikin yunwa. Ka bari sai ka kai lomar tuwo uku ko huɗu tukuna.

Mai Kemis, Ƙofar Marusa: Hajiya ta faɗi gaskiya, Allah ya ƙara lafiya. Metformin yana hana hanta zuba suga mai yawa cikin jini, kuma yana taimaka wa jiki ya amsa wa insulin, sinadarin da ke saukar da suga a jini, shi ya sa likitoci suka fi fara ɗora mai nau'i na biyu na ciwon suga a kansa. Masu cewa na Bature guba ne, na itace kuma lafiya, su sani cewa shi ma asalinsa daga binciken wani tsiro na Turai ya fito, kuma tun 1957 wani likitan Faransa, Jean Sterne, ya gwada shi a kan masu ciwon. Ɓacin cikin yakan lafa bayan 'yan makonni, idan kuma ya ƙi, akwai samfurin da ke narkewa a hankali. Abu biyu ne zan ja kunne a kai: a riƙa duba lafiyar ƙoda, kuma wanda ya shekara da shekaru yana sha a auna masa bitamin B12, domin yakan ragu.

Malam na Sabuwar Unguwa: Ranka ya daɗe, ban musa ba, amma kada a yi wa kirfa rashin adalci. A 2003 an yi gwaji a Pakistan da mutum 60, aka ba wasunsu giram 1 zuwa 6 kullum har kwana 40, kuma sugarsu ta sauka. Ni kaina ina barbaɗa ta a kunun gyaɗa maimakon sukari.

Mai Kemis: Malam, gwajin gaskiya ne, sai dai mutum 60 ba su isa a yanke hukunci da su ba, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun saɓa wa juna. Da masanan Cochrane, ƙungiyar da ke tantance binciken lafiya, suka tattara su a 2012, sun ce babu isasshiyar hujjar da za a ce kirfa magani ce ga ciwon suga. Ina ma zargin cewa sukarin da ka cire daga kunun ya fi kirfar da ka zuba aiki. Abin da ya fi damuna shi ne kirfa iri biyu ce. Ta Siri Lanka ɓawonta siriri ne, a naɗe fala-fala, yana marmashewa a hannu. Ɗayar, kasiya, mai kauri da tauri wadda ta fi yawa a kasuwa, tana ɗauke da sinadarin kumarin da ke iya taɓa hanta idan aka yawaita. Barbaɗi a abinci ba laifi ba ne, amma ƙwayoyi kullum wata magana ce daban, musamman ga mai ciwon hanta. Lambar NAFDAC a jikin kwalba kuma ba shaida ba ce cewa an tabbatar tana warkarwa.

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai. Yanzu na juya kwalbar gaba da baya, ko'ina ba a rubuta wace irin kirfa ce ba, sai hoton ganye da alƙawarin warkar da cuta bakwai. Na ajiye ta a saman firji. Ranar Litinin zan je da ita asibiti in nuna wa likita, in kuma tambaye shi samfurin mai narkewa a hankali.

Mai Kemis: Ka tambaye shi kuma lokacin da za a yi maka awon HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugarka na kusan wata uku, ka tafi da takardar da kake rubuta awon safiya.