Abin da aka tattara kan saita rediyon oba-oba da kwamfuta

Jama'a ga taƙaitaccen abin da ya fito a hirar da ƴan uwa masu harkar rediyo suka yi a nan Katsina. Kusan kowa manhajar CHIRP ya ce a ɗauka don saita rediyo, kyauta ce kuma tana aiki a Windows da Linux da Mac, ta san rediyon Baofeng UV-5R da ire-irenta, su kuwa manhajojin kamfani yawanci Windows kaɗai suka sani.

Inda aka fi daɗewa shi ne maganar kebul ɗin da ke haɗa rediyo da kwamfuta, don wallahi nan matsalar take ba a manhaja ba. Kebul mai arha sau da yawa jabun cif (ɗan guntun lantarki) na kamfanin Prolific ne a ciki, sabon direban Windows, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane kebul, sai ya ƙi shi, ka yi ta canza COM, wato tashar da kebul ke fitowa a Windows, kana zargin rediyonka alhali lafiyarsa lau. Wasu sun ce a koma tsohon direba, ni dai ina ganin gara a ƙara kuɗi a sayi mai cif ɗin kamfanin FTDI a huta. Kuma a danna filogin ya shige sosai.

Masu Ubuntu, wani nau'in Linux, su sa sunansu a rukunin dialout mai ba da izinin amfani da tashar kebul, su fita daga asusunsu su sake shiga, tashar tana fitowa da sunan ttyUSB0. In kebul mai cif ɗin CH340 ya ɓace a kwamfutar, brltty, manhajar rubutun makafi, ce ta riƙe shi, a cire ta. Wine kuwa, mai sa manhajojin Windows aiki a Linux, ra'ayi ya rabu a kanta.

Kafin ka taɓa komai fara sauke saitin rediyon ka adana, kuma laftof ta zama da caji saboda halin NEPA. Sannan kada a yi magana a iska babu lasisi.