Injin jirgina yana shaƙewa idan na murɗa totur zuwa ƙarshe

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san injin jirgin ruwa. Nawa Yamaha ne mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai. Ja ɗaya yake tashi, a silo ba ya gardama, a rabin totur ma lafiya lau. Amma da na murɗa zuwa ƙarshe, sai ya ɗan taɓa gudu, daga nan ƙarfin ya riƙa zubewa kamar an riƙe jirgin ta baya. In na sassauta sai ya dawo daidai. Na sa sababbin fulogi, bai canza ba. Wani ya ce fistin ne, a buɗe injin. Da shi nake ciyar da iyali, ba na son a warware min shi a kan zato. Me zan fara dubawa?

Wani masunci:
Wa alaikumus salam. Duba ɗan ƙusar shan iska da ke kan murfin tanki. In yana rufe ko datti ya toshe shi, iska ba ta shiga, mai kuwa ba zai sauko yadda ake so ba. Sassauta murfin ka sake gwadawa.

Wani makaniken injin jirgi:
Malam, kada ka bari a buɗe injin tukuna. Wanda fistinsa ya lalace ba kasafai yake tashi ja ɗaya ba, kuma ba ya jiran sai an kai ƙarshen totur kafin ya nuna ciwonsa. Naka alamar yunwar mai ce. Man da ya taru a cikin kafireta shi ke ba ka wannan ɗan gudun na farko, idan ya ƙare kuma wanda ke zuwa bai kai abin da injin ke sha ba, sai ya shaƙe.

Ka ɗauki mutum ɗaya ku hau ruwa. Kai ka riƙe totur, shi ya riƙe robar nan ta tiyo da ake matsawa kafin a tayar. Da injin ya fara shaƙewa, ya riƙa matsa ta. In ƙarfi ya dawo, to famfon mai ne ya gaji, ko iska na shiga ta wata mahaɗar tiyo. In kuma robar ta shanye ta manne, toshewar tana ɓangaren tanki: ko hanyar iskar da ɗan'uwa ya faɗa, ko bututun da ke zuƙo mai daga ƙasan tanki.

In duk babu, ka ɗan ja cok kaɗan a daidai lokacin. Ya farfaɗo? Babban jet na kafireta, wato ramin da mai ke bi ya shiga injin, shi ne ya toshe. Silo ta ƙaramin jet yake sha, babban kuwa sai an buɗe totur yake aiki, shi ya sa injin ke ruɗin mutane yana kwance lafiya a bakin gaɓa. A kwance a wanke, a hura da iska. Kada a zura masa waya, tana faɗaɗa ramin.

Roƙona gare ka, kafin a gano, ka daina tilasta masa. A irin wannan injin baƙin mai cikin fetur yake tafiya, in fetur ya yi ƙaranci shi ma ya yi, zafi ya hau. Daga nan ne fistin ɗin da ake tsorata ka da shi zai lalace da gaske.

Wani direban jirgin fasinja:
Tambaya ɗaya, ƙarar injin sauka take yi ko hawa? In tana hawa amma jirgi ba ya gaba, robar da ke tsakiyar farfela ce ta saki, ba ruwan mai. Ka kuma kalli ruwan da injin ke tsartuwa ta baya, in ya raunana, zafi ne.

Mai tambaya:
Sauka take yi, Yallabai, ruwan kuma yana fita da ƙarfi. Na gwada abin da makanike ya ce. Murfin tanki bai kawo canji ba, amma ana matsa robar sai injin ya miƙe, ana dainawa ya koma. Robar ba ta manne ba. Allah Ya saka muku da alheri.

Makanike:
Amin. To saura abu biyu. Fara da mai sauƙi: matsa robar har ta yi tauri, ka bi tiyon da hannu daga tanki zuwa injin, duk inda ka ji danshin fetur nan iska ke shiga, musamman wajen soketin da ake maƙalawa. Cire ƙaramin kofin tace mai ka duba ko akwai ruwa ko tsatsa a ƙasansa. In duk lafiya, kwance famfon mai ka ɗaga siririyar robar cikinsa ga haske. Ko da ba ta huje ba, in ta bushe ta yi tauri a canza ta tare da gasket ɗinta. Ka ɗaura, ka sake hawa ruwa da jirgin ɗauke da kayan da ya saba ɗauka, sannan ka dawo ka faɗa mana yadda ya yi.