Me za mu kira "dystopia" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni. Daren jiya a Tudun Wada an ɗauke wuta, muna kan dakali ni da ƙanena, yana haska wani tsohon littafi mai suna 1984 da fitilar waya. Bangon ya yage har an liƙe shi da salatif. Can ya ɗago ya ce, "Yaya, malaminmu ya ce irin wannan labarin dystopia ne. Me ake ce masa da Hausa?" Na buɗe baki na mayar na rufe.

Asalin kalmar Girkanci ne, guntu biyu aka haɗa: "mummuna" da "wuri", wato ƙagaggiyar duniyar da rayuwa ta munana a cikinta. Kishiyar Utopia ce, tsibirin da Thomas More ya ƙaga a 1516 inda komai ya daidaita. A 1868 John Stuart Mill ya yi amfani da kalmar dystopia a majalisar dokokin Birtaniya yana sukar yadda ake mulkin Ayilan. To amma "mugun wuri" a kunnen Bahaushe mahadar 'yan shaye-shaye ce ko kwanar da motoci ke yawan faɗuwa, saboda haka fassarar kai tsaye ta faɗi tun a nan.

Abin da ya fara zo mini shi ne "mulkin kama-karya". Ya hau 1984 ɗin, littafin George Orwell na 1949, daram: allo a bangon ɗaki yana kallonka kuma ba ka da ikon kashe shi, ga ma'aikatar gaskiya wadda aikinta gyara tsofaffin jaridu su dace da ƙaryar yau. Sai dai ɗauko Brave New World na Aldous Huxley, 1932, ka gani. Can babu bulala. A kwalba ake ƙyanƙyashe jarirai, an yanke wa kowa matsayinsa tun kafin ya numfasa, wanda ransa ya ɓaci kuma ya haɗiyi wata ƙwaya mai suna soma ya ci gaba da dariya. Wanda aka kama aka karya ai ya san an karya shi. Mutanen Huxley godiya ma suke yi. Wannan ne kuma ya kayar da "jahannamar duniya" da ita ma ta zo mini, don ba a shiga jahannama da murmushi.

Wani abokina malamin Islamiyya ya ce "ƙarshen zamani". Na ce a'a, Malam, wannan tana da mai ita. Da ka faɗe ta hankali ya tafi kan Dujal da Yajuju da Majuju, alhali waɗannan littattafan tsari ne da ɗan Adam ya zauna ya shirya da hannunsa, yana cewa gyara yake yi.

"Distofiya" kuwa, wallahi kamar sunan maganin ciwon gaɓoɓi a kemis.

Ni dai na tsaya a kan "baƙar gobe", a ce adabin baƙar gobe. Muna da baƙar rana da baƙar wahala, kunne ba zai yi baƙunta ba. Kuma marubutan nan gobe suke zanawa don su ja kunnen yau. Ray Bradbury a Fahrenheit 451, 1953, ya mayar da 'yan kwana-kwana masu ƙona littattafai. Duk ɗan Kaduna da ya ga 2021, lokacin da aka katse sabis a wasu sassan jihar saboda tsaro, ga Twitter a rufe daga Yuni har Janairun 2022, ba ya bukatar dogon bayani kan yadda ake kwana da murya a tashi babu.

Inda "baƙar gobe" take yoyo na sani. Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtua ya yi wa Animal Farm a 1975, wasu na jera shi cikin wannan rukuni, alhali juyin juya halin Rasha na 1917 yake yi wa habaici, wato jiya ce ba gobe ba. Ƙanena dai har ya rubuta "baƙar gobe" da biro a cikin bangon littafin. Masu Hausar Katsina da Sakkwato, in kuna da wadda ta fi ta, ku kawo kafin ya kai wa malaminsu ranar Litinin.