Neman shawara: Mahaifiyarmu ta daina shan magani, ta ce a mayar da ita ɗakinta

Mai tambaya, daga Kano:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa na wannan zaure, ina neman shawararku a kan al'amarin da ya hana ni barci, kuma ina roƙon a yi mini uzurin ɓoye suna domin maganar ta shafi mahaifiyata. A ƙiyasinmu shekarunta 74. Wata 14 da suka wuce ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida a ƙauyenmu da ke kusa da Ringim, ɓarin jikinta na dama ya shanye, likitoci suka ce hawan jini ne da ya daɗe yana cin ta ba a sani ba. Da aka sallame ta, ni da ƙannena biyar muka zauna muka yanke shawarar ta dawo gidana, tunda ni ne babba kuma nan ne kusa da manyan likitoci. Mun gyara mata ɗaki, mun sayi sanda da na'urar awon jini, uwargidana kuma tana tsaye a kanta ba dare ba rana.

Da fari an samu sauƙi, harshenta ya saki, har ta fara takawa. Amma tun bayan Babbar Sallah ta canja. Ta ƙi komawa gashin ƙashi, tuwo sai ta yi loma biyu ta ture kwanon, ruwa ma ba ta sha sai an matsa mata, kuma a makon jiya iyalina ta ɗaga katifa ta tarar da ƙwayoyin magani a ƙulle cikin ƙyalle. Da muka auna jininta ya kai 170 bisa 100. Duk abin da aka ce mata amsarta ɗaya ce, a mayar da ita ɗakinta. Ƙanena yana ganin a riƙa daka maganin ana zuba mata a koko ba da saninta ba, ƙanwata kuma ta fara zancen ko an yi mata sammu ne. Ni dai na rasa abin da ya dace, domin idan na mayar da ita ƙauye ina tsoron abin da zai biyo baya, idan kuma na riƙe ta ina kallon ta tana ramewa a gabana.

Wata ma'aikaciyar jinya, daga Zariya:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Inna lafiya, ya saka muku da alheri. Na karanta bayaninka sau biyu, kuma akwai wurin da idona ya tsaya: ka ce kai da ƙannenka biyar kuka zauna kuka yanke shawara. Ita tana cikin wannan zama? Haka kuma idan kun je ganin likita, da wa yake magana, kuma da wane harshe? Ba don in ɗora maka laifi na tambaya ba, domin mu ma'aikatan asibiti mun fi kowa yin wannan kuskure. Tsohuwa tana zaune a kujera, likita yana yi wa ɗanta bayani da Turanci a kan jikinta, a miƙa takarda a tashi, ba a ko tambaye ta yadda maganin watan jiya ya karɓe ta ba.

A wajen aiki ana koya mana cewa a gina kulawa a kan mutumin da ke ɗauke da ciwon, wato abin da ya dame shi da abin da yake so ya ci gaba da yi a rayuwarsa, sannan a nemo maganin da zai zauna da wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsari a kan haka a shekarar 2016. A nan gida ma, sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ɗora wa ma'aikacin lafiya nauyin sanar da mara lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da amfaninsu da illarsu, da haƙƙinsa na ƙin karɓa, kuma a yi masa bayanin da harshen da yake ji gwargwadon iko. Inna tana cikin hankalinta, saboda haka wannan haƙƙi nata ne.

Mutum ba ya ƙulle magani a ƙyalle haka kawai. Ka duba takardun maganin. Amlodifin yakan kumbura ƙafa, lisinofiril yakan sa busasshen tari mai hana barci, akwai kuma ƙwayoyin da aikinsu shi ne fitar da ruwa daga jiki ta hanyar fitsari, irin su Moduretic. Da ka ce ta rage shan ruwa, zuciyata ta tafi kan wannan na ƙarshe. Duk waɗannan likita zai iya sauya su ko ya gyara lokacin shansu idan ya ji koken. Batun dakawa a koko kuwa, don Allah kada a fara. Wasu ƙwayoyin, kamar nifedifin mai sakin kansa a hankali, idan aka daka su ƙarfinsu yakan shiga jiki gaba ɗaya ya faɗar da jini. Ranar da ta ɗanɗani ɗaci a kokon kuma, ta daina yarda da duk abin da ya fito daga madafin gidanka ke nan. Sai dai 170 bisa 100 ba abin jira ba ne ga wadda ta taɓa shanyewa, a kai ta asibiti cikin makon nan.

Wani dattijo, daga Gusau:

Ɗana, ni ra'ayina ya bambanta da na Malama. Na yi jinyar mahaifiyata shekara uku, kuma na san cewa tsufa yakan mayar da mutum yaro, ya riƙa son abin da zai cutar da shi. Na biye wa tawa na mayar da ita gida, ciwon ya sake bugun ta da tsakar dare, kafin a samu mota gari ya waye. Har yau abin bai bar raina ba. A lallashe ta, a kawo mata 'yan'uwanta su riƙa kwana biyu suna debe mata kewa, amma kada ka kai ta inda babu likita don kawai ta yi fushi.

Wani ma'aikacin gashin ƙashi, daga Katsina:

Tsoron da Baba ya ambata gaskiya ne, kuma duk inda aka yanke za ta zauna dole a tanadi motar da za a kira, kuma mutanen gidan su san alamomin dawowar ciwon: karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa farat ɗaya, da karyewar harshe. Amma ina so in ƙara wani abu daga ɓangarenmu. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka tashi daga shanyewar ɓarin jiki suna faɗawa cikin ciwon damuwa, kuma alamominsa su ne waɗanda aka zayyana a nan, wato ƙin abinci, janye jiki daga mutane, da yanke ƙauna daga magani. Ciwo ne da ake magance shi, ba sammu ba, saboda haka a faɗa wa likita ya duba wannan ɓangaren. A kuma lura ko tana ƙwarewa idan tana cin abinci ko shan ruwa, domin ciwon yakan taɓa haɗiya.

Game da ƙin zuwa gashi, sau da yawa laifinmu ne. Mukan ce wa dattijuwa ta ɗaga hannu sau ashirin, ta matsa ƙwallon roba sau talatin, ba mu gaya mata inda hakan zai kai ta ba. Da na sauya salo na fara tambayar tsofaffi abin da suke so hannun nan ya koma yi, ba wanda ya taɓa ce mini ɗaga hannu. Abin da suke faɗa shi ne su yi alwala da kansu, su ɗaura zani, su riƙe buta, su shiga bayan gida ba tare da an riƙe su ba. Idan aka mayar da waɗannan su zama darasin, sai ka ga wadda ake ja tana tambayar yaushe za a koma. Kujera mai rami da aka ɗora a kan masai, da ƙarfen dafawa a jikin bango, kan yi wa tsohuwa abin da tausa ta wata guda ba ta yi ba.

Wani malamin Islamiyya, daga Bauchi:

Allah ya yi wa zuriyarku albarka saboda wannan ɗawainiya. Game da ba ta magani a ɓoye, akwai hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, a cikin Bukhari da Muslim. A jinyar ƙarshe ta Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, iyalansa sun ɗura masa magani ta gefen baki alhali yana yi musu nuni da kada su yi, suka ɗauka ƙin magani ne irin na kowane mara lafiya. Da ya farfaɗo ya nuna rashin jin daɗinsa, har ya ba da umarnin a ɗura wa duk wanda ke ɗakin, ban da Abbas da bai halarta ba. Niyyarsu alheri ce, amma hakan bai sa an wuce maganar ba. Biyayya ga iyaye da Suratul Isra'i ta yi umarni da ita ta haɗa da faɗa musu magana ta karamci da sassauta musu kafaɗa, kuma sauraro yana cikin wannan. A nuna mata cewa neman magani sunna ne, amma da lallami.

Wata uwa, daga Maraɗi:

Ɗan'uwa, kowa ya ce a tambaye ta, amma ba wanda ya ce wa zai yi tambayar. Kai ɗan fari ne. Matan zamanin Inna ko sunan ɗan fari ba sa kamawa, balle su buɗe baki su gaya masa abin da ya shafi tsarki da shiga bayi. Matarka kuma suruka ce, duk kirkinta akwai kunya a tsakaninsu, kuma babu abin da ya fi yi wa tsohuwa nauyi kamar a ce matar ɗanta ce ke zubar mata da fo. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ka aika a ɗauko aminiyarta daga ƙauye, ko ka tura mata jikar da suke wasa, ku kuma ku ba su wuri.

Wani ɗan kwamitin raya mazaɓa, daga Jigawa:

Idan har kun karkata ga mayar da ita, kada ku ɗauka ƙauye fayau yake. Tun bayan taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978, da aikin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yi yana ministan lafiya daga 1985, tsarin lafiya a matakin farko ya ginu ne a kan cewa jama'ar wuri su sa hannu a lafiyar kansu, kuma ziyarar gida tana cikin horon ma'aikatan ƙananan asibitoci. Ka je da kanka ka ga mai kula da asibitin mazaɓarku, ka gaisa da mai unguwa da shugaban kwamiti, ku yi yarjejeniyar wanda zai riƙa auna ta kowane mako yana rubutawa a littafi. Ba zan ɓoye maka ba, magani yakan yanke a irin waɗannan wurare, saboda haka ku riƙa aiko mata da na wata biyu daga birni. A kuma yi magana da mai yi mata girki a kan gishiri da dunƙulen magi, domin abin da ake so kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma daddawa tana ɗaukar miya ba sai an cika su ba.

Mai tambaya, bayan kwana goma:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na bi shawarar Hajiya ta Maraɗi, na aika aka ɗauko maƙwabciyarta da suka yi shekara arba'in suna shiga ɗakin juna, ta kwana uku a wurinta. Abin da ya fito ya sa na ji kunyar kaina. Akwai ƙwayar fitsari a cikin magungunan, kuma mu da kanmu muke ba ta da dare tare da sauran, sai ta riƙa tashi sau huɗu ko biyar, kowane tashi kuma sai ta ta da iyalina. Rannan ta kasa riƙewa ta ɓata shimfiɗa, tun daga ranar ta fara ɓoye maganin gaba ɗaya, domin ba ta san wace ƙwaya ce mai laifin ba, ba wanda ya taɓa gaya mata aikin kowace. Ta kuma ce mun sayar da awakinta biyu don kuɗin asibiti ba mu shawarce ta ba, kuma an yi rasuwa uku a unguwarsu ba ta je gaisuwa ko ɗaya ba.

Mun koma asibiti, na roƙi likitan ya yi magana da ita kai tsaye da Hausa, ni kuma na fita na bar ta da ƙanwata. Ya sauya maganin, ya mayar da shan sa da safe, ya ce a dawo bayan mako biyu a duba jinin da kuma batun damuwar. Ta karɓi sandarta ta ce za ta koma gashi idan za a koya mata alwala da hannun dama.

Maganar komawa gida ba ta mutu ba. A wannan karon mun zauna da ita, ta ce ta yarda ta ƙara wata biyu a nan, daga nan ta koma ɗakinta da jikarta guda, ta riƙa zuwa Kano ganin likita. Ƙanena har yanzu bai gamsu ba, hujjarsa kuma irin ta Baba na Gusau ce, ni ma ban ce tsoron ya bar ni ba. Ranar Asabar zan je ƙauyen in ga mai kula da asibitin mazaɓa da wani mai mota a maƙwabta. Malam na Katsina, don Allah a wane tsayi ake kafa ƙarfen dafawar nan, kuma zai kamu a bangon ƙasa ko sai an yi masa ginshiƙin siminti?